Yadda za a kula da hawan jinin tsohon da gigin tsufa ya kama

Tambayar da aka fi yi mini tun da na yi maganar jinyar mahaifiyarmu Hajiya, wadda gigin tsufa ya kama, ita ce: to maganin hawan jinin fa, yaya kuka yi da shi? Masu tambayar duk damuwarsu guda ce. Tsoho ya shekara goma ko ashirin yana shan maganinsa da kansa, bai taɓa buƙatar a tuna masa ba, yau ga shi bai san ko ya ci abincin rana ba, balle ƙwaya. Wani ya daina sha ɗungurungum ba wanda ya sani. Wani kuma sau uku yake sha a wuni, don duk sanda idonsa ya faɗa kan kwalin sai ya ɗauka bai sha ba.

Mu duka biyun mun gani a gidanmu. Wata rana muna neman makullin ɗakin Hajiya muka kwance ƙullin bakin zanenta, sai ga ƙwayoyi farare ƙanana sun zubo kan tabarma, wasu har sun fara narkewa da gumi. Karɓa take ta ce an gode, ta ƙulle. Da muka gano haka sai kowa ya zama mai tsaro, kuma nan muka yi kuskure na biyu: wata safiya mutum biyu suka ba ta magani, kowa bai san ɗan'uwansa ya bayar ba. Kafin azahar ta miƙe daga wajen alwala, jiri ya kwashe ta, ta faɗi a kan buta. Allah ya kiyaye ba ta karye ba.

Daga ranar na gane cewa ga mai cutar mantuwa, wato gigin tsufa, haɗarin biyu ne. Jini ya hau ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko ya lalata ƙoda, wannan kowa ya sani. Amma jini ya sauka fiye da ƙima, tsoho ya faɗi ya karya ƙugu ko ya ƙara rikicewa, wannan ba a cika maganarsa ba, alhali shi ya fi kusa da ƙofa. Likita ne ke rubuta magani, shi ke canza shi. Abin da ke ƙasa aikin mutanen gida ne, bi da bi.

1. A tsayar da mutum ɗaya

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ban da wajen ba da magani. A zauna a matsayin iyali a zaɓi mutum guda wanda yake kwana a gidan, mai natsuwa, wanda tsohon yake sakin jiki da shi. Ba lallai sai babban ɗa ba. Sau da yawa jika ce ko suruka ta fi dacewa, domin ita ce a gida safe da yamma. A tsayar da mataimaki guda saboda ranar tafiya ko rashin lafiya, kuma duk ranar da za a miƙa aikin a faɗa baki da baki, ba saƙo ta bakin yaro ba.

Sauran 'ya'ya masu son taimako ga inda za su taimaka: kuɗin magani, kuɗin gwaji, mota ranar asibiti, da karɓar mai jinya ta huta.

Gargaɗi: daga yau magani ya bar ɗakin tsohon. A sa shi a akwati mai makulli ko saman sif a wani ɗaki, inda ba zafin rana ba danshi. Ba raini ba ne, kuma kada a yi shi da gayya a gabansa. A kwashe a hankali lokacin da ba ya ɗakin.

2. A tattaro duk abin da yake sha

Ku bincika ƙarƙashin katifa da matashi, aljihun babbar riga, cikin jakar carbi, bayan rediyo, kwanon goro. Duk abin da aka samu a zuba a leda guda: na asibiti, na kemis, wanda wani ya kawo tsaraba daga Saudiyya, jiƙo, garin magani, har ɗigon ido. Da wannan ledar za a je wurin likita, ba da sunaye a ka ba.

Wajen dubawa ku lura da abu biyu. Na farko, magani ɗaya mai suna biyu. Kamfanoni daban-daban suna yin amlodipine, kowa da sunan da ya raɗa masa da kalar kwalinsa. Ku karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan babban suna, nan ne ainihin sunan yake. An sha samun tsoho yana shan abu ɗaya sau biyu da sunan magani biyu ne.

Na biyu, magungunan da ke rikita awo ba tare da an zarge su ba. Na ciwon gwiwa da baya irin diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna ɗaga jini kuma suna cin ƙoda, ga shi tsofaffinmu kamar gyaɗa suke shan su. Haɗin nan da masu kemis ke ƙullawa a leda na ciwon jiki da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna ɗaga jini. A ɗaya gefen kuma akwai masu kayar da shi idan mutum ya miƙe tsaye: tamsulosin da doxazosin da ake ba maza masu wahalar fitsari, amitriptyline, da magungunan kwantar da mai rikici irin chlorpromazine. Diazepam da Piriton da ake ba tsoho don ya yi barci suna ƙara masa gigi da tangaɗi.

Gargaɗi: kada ku tsayar da maganin da likita ya rubuta da kanku don kun karanta sunansa a nan. Wasu, kamar atenolol da propranolol, in aka yanke su rana ɗaya zuciya na iya rikicewa.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Na'urar awon jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta wuyan hannu ta fi araha kuma ta fi sauƙin sawa, amma ta fi yin kuskure, musamman ga wanda ba ya iya tsayar da hannu wuri ɗaya. A babban kantin magani ta damtse takan kama daga wajen naira dubu ashirin zuwa sama, masu suna irin Omron sun ninka haka, kuma kun san farashi ba ya kwana wuri ɗaya. Sau ɗaya ake saye, 'ya'ya su haɗa kuɗi.

Kafin a saya a auna kaurin damtsen tsohon da tef ɗin tela. Ɗamarar da ke zuwa da yawancin na'urori ta dace da damtse mai santimita 22 zuwa 32. Tsohuwar da ta rame tana buƙatar ƙarama, mai jiki kuma babba. Ɗamara in ta yi wa hannu kaɗan takan nuna lamba sama da gaskiya, in ta yi yawa takan nuna ƙasa. Ranar asibiti ta farko a tafi da na'urar a gwada ta da tasu.

Sai littafin rubutu na 'yan makaranta da biro a ɗaure da zare. Sai akwatin magani mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, ana samu a manyan kantunan magani da 'yan kuɗi kaɗan. Sai batir na ajiya, domin batir in ya yi sanyi na'ura takan kasa cika iska. Sai fitila mai caji da fo a gefen gado.

Maganin kansa ba lallai sai mai tsada ba. Amlodipine na kamfanoni marasa suna yana cikin mafi arha a kasuwa, kuma aikinsa ɗaya da mai tsadar in dai na gaskiya ne. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a riƙe kanti guda amintacce, a daina sayen na tire a tasha. Wanda ke cikin inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha, irin KSCHMA a Kano, ya tambaya ko za a iya sa iyayensa. Kuɗin da mutane suka fi mantawa da shi a lissafi shi ne na gwajin jini, wanda za a riƙa maimaitawa.

4. Yadda ake awo

Nan ne ake buƙatar haƙuri, domin mai gigin tsufa yana iya ɗauka ɗaure shi za a yi. Awon da aka yi da kokawa ba awo ba ne, ɓata batir ne.

A zaɓi lokacin da ya fi natsuwa. Da safe bayan ya yi fitsari, kafin magani da karin kumallo. Na yamma kuma a yi shi wajen la'asar, kada a bari sai magariba, don da yawansu in rana ta fara faɗuwa suke rikicewa, su ce gida za su tafi alhali suna cikin gidansu. Kada ya ci goro ko ya sha shayi ko taba rabin awa kafin awo.

A zaunar da shi a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ya huta minti biyar. A ɗora hannunsa kan tebur ko matashi yadda damtse zai yi daidai da ƙirji. A ɗaura ɗamarar a kan fata, kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, ba a kan hannun riga mai kauri ba, ba kuma a naɗe hannun rigar ya shaƙe damtse ba. Lokacin da na'ura ke aiki ba magana.

Wannan na rashin magana shi ya fi ba mu wuya. Abin da ya yi mana aiki shi ne na fara ɗaura wa kaina a gabanta, ta ga ba abin tsoro. Sai in ce, "Hajiya, saura ke. Zai ɗan matse ki kaɗan ya saki." In ba ta carbi a ɗaya hannun, in kunna karatu ƙasa-ƙasa, in zauna gefenta in yi shiru. In ta fizge hannu a ƙyale ta, a dawo bayan rabin awa.

A auna sau biyu, tsakani minti ɗaya. A rubuta rana, lokaci, lambar sama, lambar ƙasa, da bugun zuciya, wato lamba ta uku. A gefe a rubuta halin da yake ciki: bai yi barci ba, yana gudawa, ya yi faɗa da safe, an tsallake magani jiya. Rana ta farko a auna hannu biyu, wanda ya fi nuna sama shi za a riƙe.

Kafin ganin likita, ko bayan an canza magani, a yi awon safe da yamma kwana bakwai a jere. In komai ya daidaita, sau biyu a mako ya isa.

Gargaɗi: kada a mai da awo sana'a. Akwai gidan da ake auna tsoho sau goma a wuni, duk lamba ta ɗan motsa a tayar da hankali. Jini yana hawa da sauka a wuni ko ga mai lafiya. Abin dubawa shi ne inda lambobin mako suka dosa. In kuma na'ura tana yawan nuna alamar bugun zuciya ba daidai ba, a gaya wa likita, don akwai ciwon zuciya mai rikita bugu wanda shi ma yana jawo shanyewar jiki.

5. Awon kwance da tsaye

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, har a wasu asibitoci saboda cunkoso, kuma a ganina ga mai cutar mantuwa shi ne kan gaba. Mai hankalinsa zai ce muku yana jin jiri in ya miƙe. Wannan ba zai faɗa ba, sai dai a ji faɗuwarsa.

A kwantar da shi minti biyar a auna. A tashe shi tsaye, mutum ɗaya na riƙe da shi, kujera a bayansa, a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku. In lambar sama ta ragu da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta ragu da 10 ko fiye, ko ya yi layi, ko idonsa ya yi kamar zai juye, to jininsa na faɗuwa in ya miƙe. A rubuta, a nemi likita cikin kwanakin nan, ba sai ranar da aka ba ku ta cika ba. Wanda ba ya iya tsayuwa a auna shi kwance sannan zaune.

A yi wannan awon sau ɗaya a wata, da duk lokacin da aka ƙara magani, da bayan kowace faɗuwa.

Kafin a ga likita ga abin yi. Tashi daga gado hawa-hawa: ya zauna bakin gado ya ɗan jima yana motsa ƙafa, sannan ya miƙe. Fitsarin dare a fo, da fitila a kunne. A sa masa kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi wajen alwala, a kuma share santsin wurin. Tasowa daga sujada zuwa tsayuwa na daga cikin lokutan da jiri ya fi kwasar tsoho, kuma addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune. Bayan cin tuwo mai yawa ma jini kan sauka, don haka ya ɗan zauna kafin ya tashi.

6. Ranar ganin likita

A tafi da ledar magunguna, littafin awo, na'ura, da mutumin da ke ba da maganin, ba wanda ke biyan kuɗi kaɗai ba. A nemi layin safe. A tafi da ruwa, ɗan abin taɓawa da kayan canji. Awon asibiti ga mai gigi yakan fito sama saboda hayaniya da baƙin fuskoki, shi ya sa littafinku yake da daraja.

Tambaya ta farko: likita, wace lamba muke nema wa Baba? Ga yawancin manya ana son awon asibiti ya kasance ƙasa da 140/90, na gida ƙasa da 135/85. Ga wanda ya haura shekara 80, ƙa'idar da ake bi a Ingila ta sassauta zuwa ƙasa da 150/90 a asibiti. Manyan binciken da suka nuna amfanin sauke jinin tsofaffi, irin HYVET na 2008, ba su sa masu cutar mantuwa a ciki ba, don haka a nan likita yana duba mutumin da ke gabansa ne: yana tafiya da ƙafarsa, yana faɗuwa, yana cin abinci, ƙodarsa lafiya? Wanda mantuwarsa ta fara kwanan nan kuma jikinsa da ƙwari za a riƙe jininsa sosai, domin ƙananan shanyewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna iya ƙara tura ciwon gaba. Wanda ya yi rauni za a sassauta. Ku sa a rubuta muku lambar a bangon littafi, da iyakar da ba a son jini ya haura, da wadda ba a son ya sauka ƙasa da ita.

Tambaya ta biyu: za a iya mai da maganin sau ɗaya a rana? Amlodipine, lisinopril, losartan duk sau ɗaya ake sha, kuma akwai waɗanda aka haɗe biyu a ƙwaya guda. In har yanzu tsohonku na kan methyldopa, wato Aldomet, tun na shekarun baya, ku tayar da maganar. Sau biyu ko uku ake shan sa, yana sa kasala da gyangyaɗi da damuwa, yana kuma kayar da jini a tsaye. In an ba shi donepezil saboda mantuwa kuma yana shan atenolol, ku tuna wa likita, don duka biyun suna rage bugun zuciya.

Tambaya ta uku: yaushe za a yi gwaji? Gwajin ƙoda da gishirin jini, sukari, fitsari, da ECG, wato gwajin bugun zuciya, a farko. In an fara lisinopril, losartan ko maganin sa fitsari irin hydrochlorothiazide da Moduretic, a sake gwajin ƙoda da gishirin jini bayan mako ɗaya zuwa biyu. Masu sa fitsari suna iya zubar da gishirin jinin tsoho, ya ƙara rikicewa, a ce ai ciwon ne ya yi gaba alhali ƙwaya ce.

Ku san kuma abin da kowane magani ke iya jawowa. Amlodipine kumburin ƙafa. Lisinopril busasshen tari mai naci, wanda ba maganin tari da zai ji.

7. Ba da magani kullum

Duk ranar Juma'a, ko ranar da kuka zaɓa, mai kula ya zauna da takardar likita a gabansa ya cika gidaje bakwai. A haɗa shan magani da abin da ba ya canzawa, misali bayan an karya da koko. Mai sa fitsari da safe ake ba da shi, in ba haka ba za a kwana ana zarya a duhu.

A zaunar da shi sosai, a miƙa ƙwaya ɗaya-ɗaya da ruwa cikin kofin da ya saba. A tsaya har ya haɗiye, a ɗan ja shi da hira a ga bakinsa ba komai, domin wasu a kumatu suke ajiyewa. Sannan a sa alama a littafi nan take, ba anjima ba.

Gargaɗi: in an manta aka tuna cikin wunin, a bayar. In har lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce. Ba a ninkawa. In kuma ana kokwanto an bayar ko ba a bayar ba, gidan akwatin zai faɗa. In tsoho ya tashi yana cewa ba a ba shi ba, kada a yi gardama, a nuna masa gidan ranar fanko, a kawo masa ruwa ko 'ya'yan itace a sauya zance.

A sayi na gaba tun saura na mako guda. Yankewar kwana huɗu biyar saboda jiran kuɗi ita ce ta fi ɓata awo a gidaje da yawa.

8. In ya ƙi sha

Zai ƙi wata rana. Zai iya cewa guba ce, ko ya ce lafiyarsa ƙalau. Mutumin da ya haife ka yana kallonka yana cewa so kake ka kashe shi, wannan yana da ciwo, kuma na san shi. Ba shi ke magana ba, ciwon ne. Kada a danne shi, kada a toshe masa hanci, kada a yi masa tsawa kamar yaro. A janye, a dawo bayan minti ashirin ko talatin da fuska sake kamar ba a yi ba. In akwai wanda ya fi jin maganarsa, a kira shi ko a waya. Hajiya in an ce likita ne ya aiko da gaisuwa ya ce a sha, takan karɓa.

Ƙin sha na rana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. In ya kai kwana biyu uku, a duba baki ko akwai ciwon haƙori ko gyambo, a lura ko yana ƙwarewa in yana haɗiya, a gaya wa likita.

Gargaɗi: kada a daka ƙwaya a zuba a kunu sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Waɗanda aka rubuta wa SR, XL ko Retard, irin wasu nau'in nifedipine da indapamide, an yi su ne su narke a hankali. In aka daka su, ƙarfin wuni guda zai shiga jiki lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas. In an yarda a daka, a sa a cokali ɗaya na abinci, ba cikin kwano duka ba, kada ya ci rabi ya bari.

9. Tukunya da randa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a wuni kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Namu ɓoyayyen yana cikin dunƙulen miya, yaji, kilishi, kifin gwangwani, taliyar leda da garin ɗanɗanonta, da kanwa da ake sa wa wake da ɗanwake da miyar kuka. A ɗebi miyar tsoho kafin a zuba na ƙarshe, a ƙara masa daddawa, albasa, citta, tafarnuwa. A rage a hankali cikin makonni.

Amma a nan ina da ra'ayi. Tsohon da ya riga ya fara ramewa, yana ture kwano, kada a ƙwace masa ɗanɗanon abinci don neman lamba. Yunwa za ta kayar da shi kafin gishiri. Gishirin kanti na masu hawan jini kuma yana da sinadarin potassium, bai dace da mai shan lisinopril ko losartan ko mai ciwon ƙoda ba sai da izinin likita. Zoɓo mara sukari da yawa ba laifi, yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani. Goro a rage, kada a hana ƙwaya ɗaya da ya saba tun samartaka.

Ruwa kuwa ba zai nema ba, don ƙishirwar ma mantawa yake. A riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan bayan kowace salla da kowane abinci, sai in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi kaɗan. Ɗan tattaki a tsakar gida da safe, wani na gefensa, ya fi zaman wuri ɗaya.

10. Bazara, gudawa da azumi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, maganin da ya yi daidai da hunturu yana iya yin yawa. A ƙara yawan awo, musamman na tsaye.

In gudawa ko amai ko zazzaɓi mai zafi ya kama shi har ya kasa ci da sha, a kira likita ranar. Galibi akan dakatar da masu sa fitsari da lisinopril da losartan na kwana ɗaya biyu har ya farfaɗo, domin shan su a kan bushewar jiki yana iya taɓa ƙoda. Ku tambayi wannan tun yana lafiya, a rubuta muku a littafi. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda.

Azumi kuma, malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗora masa ba, wanda kuma yake da hankalinsa amma tsufa ko ciwo ya hana shi sai ya ciyar. Ku kai wa malaminku halin da naku yake ciki. Matsalar ita ce tsohon da ya ga ana sahur ya ce shi ma sai ya yi. In mantuwarsa ba ta yi nisa ba kuma likita ya yarda, a tsara lokutan maganin tun kafin watan ya kama. In ta yi nisa, kada a yi musu da shi, a kai masa ruwa da abinci a ɗakinsa a lokutan da ya saba, sau da yawa zai karɓa.

11. Lokacin da ba a jira

A ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take in baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe fiye da yadda aka saba, ya suma, ya yi jijjiga, yana riƙe ƙirji, numfashi na yi masa wuya, ko ya faɗi ya bugu a ka. A lura da lokacin da abin ya fara a gaya musu. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko magani a baki, zai iya shiga huhu. Kada a ba da aspirin kafin a yi hoton kai, don in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Addu'a a yi ta a mota.

In awo ya kai 180/120 amma ba ko ɗaya cikin waɗannan alamun, a kwantar da hankali, a duba ko fitsari ne ya matse shi, ko ciwo, ko kwana uku bai yi bayan gida ba, a sake awo bayan rabin awa. In yana nan, a ga likita a ranar. Kada a ƙara ƙwaya, kada kuma a yarda wani ya sa masa nifedipine ƙarƙashin harshe. Sauke jini da gaggawa shi kansa yana jawo shanyewar jiki.

In lambar sama tana yawan zama ƙasa da 110, ko bugun zuciya ƙasa da 50, ko ya koma yawan barci da rana, a kira likita kafin a ba da na gaba.

Sai rikicewar da ta zo farat ɗaya, jiya yana gane mutane yau ba ya gane kowa, ko yana ganin abin da ba a gani. Gigin tsufa a hankali yake tafiya. Mai zuwa dare ɗaya yawanci wani ciwo ne a ƙasa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, fitsari ya riƙe, sukari ya faɗi, ko gishirin jini ya zube. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, kuma yawancinsu suna jin magani in an je da wuri.

12. In ciwon ya yi nisa

Idan mantuwa ta yi zurfi, jiki ya rame, tafiya ta ragu, jinin mutane da yawa yakan sauka da kansa. Ƙwaya ukun da aka rubuta shekara goma baya tana nan ana bayarwa, ba wanda ya sake dubawa. Duk wata shida, ko duk sanda ya rame a ido, ko ya fara faɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ku tambayi likita kai tsaye: cikin waɗannan akwai wanda za a iya ragewa? Wasu 'ya'yan suna jin nauyin wannan tambaya, gani suke kamar sun sallama iyayensu. Ba haka ba ne. Na Hajiya daga uku aka mai da shi ɗaya, lambar sama ta tashi daga wajen 105 ta zauna wajen 140, gyangyaɗin rana ya ragu, ta koma zuwa wajen alwala da sandarta.

Ragewa ɗaya bayan ɗaya ake yi, ba duka rana guda ba, kuma likita ne zai ce da wanne za a fara. Bayan kowane ragi a koma awon safe da yamma na mako guda, sannan sau biyu a mako har wata ya cika. A lura da kumburin ƙafa da haki, musamman in mai sa fitsari aka cire, a koma asibiti da littafin ranar da aka ce.